Haƙuri ma koyonsa ake yi

"Wallahi ban san lokacin da na yi ba." Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a Aboabo ko Asawase, unguwanninmu na Kumasi a nan Gana, ko ya raka wata uwa ofishin 'yan sanda neman belin ɗanta, ya ji wannan magana. Yaro ya fasa wa abokinsa kwalba a ka, ko ya zaro almakashi a kan sidi 5, ko magidanci ya ɗaga wa matarsa hannu a gaban 'ya'ya. Idan ƙura ta lafa aka tambaye shi dalili, abin da zai ce ke nan: zuciya ce ta ɗebe ni, idona ne ya rufe. Manya su yi tsaki su ce neman mafita yake yi. Ni kuwa na gaskata mafi yawansu. Ba wanke su nake yi ba, domin wanda aka fasa wa kai jininsa ya riga ya zuba. Na gaskata su ne saboda abin da suke faɗa ya dace da abin da masana suka gano game da ƙwaƙwalwar mutum a lokacin fushi. Idan kuwa gaskiya suke faɗa, to maganin da muke ba su bai isa ba.

Me muke ba su? Nasiha, sai kuma kurkuku. A tara ɓangarori a zauren sarkin Zango ko a harabar masallaci, liman ya jawo aya da hadisi, a ce kowa ya yi haƙuri, a gaisa, a shafa fatiha. Uwar da ta gaji da biyan kuɗin maganin 'ya'yan mutane ta kai ɗanta wurin malam a yi masa rubutu. Idan duk an yi bai ji ba, a sallama shi ga gidan yarin Adum. Ban raina zaman sulhu ba ko kaɗan. A Fabrairun 2016, da rikicin katangar maƙabarta ya ɓarke a Tafo, aka yi asarar rai, aka sa dokar hana fita, har hannu ya kai ga sarkin Tafo, tasowar da limamin ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu ya yi daga Ankara, babban birninmu, zuwa Manhyia, fadar sarkin Asante, tana cikin abin da ya hana Zango da Tonawa, wato mutanen Asante, gwabzawar da ba wanda ya san ƙarshenta. Amma sulhu bayan ɓarna yake zuwa. Ɓarnar kuwa cikin ƙiftawar ido ake yin ta.

Yaron nan ba jahilin hadisi ba ne. Tun yana makarantar allo ya haddace cewa jarumi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, jarumi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Tashe shi daga barci zai karanta maka. Sani bai ɓace masa ba. Abin da ya rasa shi ne yadda sanin zai riske shi a cikin daƙiƙa ukun da ke tsakanin zagi da naushi. Wannan kuwa ba a samun sa da sauraro. Da maimaici ake samun sa, kuma akwai hanyar koyar da shi da aka gwada a wurare masu wahala fiye da namu.

A can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a kowane gefe, akwai wani ɗan curi da likitoci ke kira amigdala. Da ya hango abin da ya yi kama da haɗari, fuska ta murtuke, murya ta ɗaga, hannu ya nufo ka, sai ya tayar da jiki tun kafin tunani ya gama tantance abin da ido ya gani. Sinadarin adirenalin ya bazu a jini, ƙirji ya hau bugawa, numfashi ya gajarce, jijiyoyin wuya su miƙe. Bayan goshi kuma akwai sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, mai cewa dakata tukuna. Mai gadi ne da maigida. Mai gadi ya ji motsi ya kwarma ihun ɓarawo, maigida ya fito da fitila ya duba ko ɓarawon ne ko ɗan maƙwabta ne ya yi dare. Gidan da mai gadinsa ke da firgita, maigidan kuma ke da nauyin barci, kafin a kunna fitila an yi aika-aika.

A 2007 wani likita a Jami'ar Shikago, Emil Coccaro, shi da abokan aikinsa suka sa mutanen da ke fama da fashewar fushi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna musu fuskokin masu fushi. Amigdalarsu ta zabura fiye da ta sauran mutane, sashen bayan goshin kuma ya yi sanyi. Wani abu da ya kamata kowane uba ya sani: wannan sashe na gaba shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saurayi mai shekara 19 da ke tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, daga asuba zuwa tsakar dare yana da ƙarfin babba, amma abin da zai ce masa dakata bai gama girma ba. Ga shi ba ya samun barci. An gwada wannan ma a Jami'ar Kalifoniya a 2007: mutanen da aka hana barci dare guda, amigdalarsu ta fi ta waɗanda suka yi barci zabura da kusan kashi 60 cikin 100 da aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali.

Amma jiki ba ya tashi haka kawai. Akwai wata magana da ke gilmawa a zuciya da sauri, har mai ita ba ya jin ta, kuma a Zango mun san ta: ya raina ni. Kusan duk faɗan da na taɓa gani, idan ka tone shi, raini za ka tarar a ƙasa. Ya kalle ni sheƙeƙe. Ya wuce bai gaishe ni ba. Ya taka ni da gangan. A 1980 wani masani a Amurka, Kenneth Dodge, ya sa yara maza su haɗa wani wasan guntaye, sannan aka sa wani yaro ya rushe musu. Inda mugunta ta fito fili, duk yaran sun fusata. Inda ya bayyana taimako yaron ya zo yi, har masu faɗan sun ƙyale shi. Bambancin ya fito ne inda niyyar ba ta bayyana ba: yaran da aka sani da faɗa suka ɗauka da gangan ne suka rama, sauran suka ɗauka kuskure ne. Shekara 10 bayan haka shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yaran da aka yi wa dukan cutarwa a gida tun suna ƙanana sun fi tasowa da wannan mugun zato. A Landan kuma, a 2011, aka ga cewa ƙwaƙwalwar yaran da suka tashi cikin tashin hankalin gida tana amsa fuskar mai fushi irin yadda ta sojan da ya dawo daga fagen yaƙi take amsawa.

Wannan ya kamata ya sa mu tsaya mu dubi dorinar da ke rataye a ɗakunanmu da makarantunmu. Hukumar ilimi ta Gana ta hana bulala a makarantu tun 2017, amma da yawa daga cikinmu har gobe muna ganin yaron da ba a daka ba ba zai shiryu ba. Yaron da ya yi duka, mu kama shi mu yi masa dukan da ya fi nasa, muna cewa muna hana shi duka. Darasin da ya ɗauka shi ne mai ƙarfi ke da gaskiya, kuma duk fuskar da ta canza masa bugu ne ke tafe.

Wata safiya a tashar Aboabo na ga yadda abin yake faruwa daga farko. Tasi ta gogi gefen pragyar wani saurayi, ɗan gogar da ko fenti bai ci ba. Direban tasin, dattijo ne Batone, ya fiddo hannu ta taga ya buɗe tafinsa. Yaron ya diro. Na ga jijiya ta fito masa a goshi, leɓensa na rawa, ya sunkuya ya zaro sifana daga ƙarƙashin kujera. Mutane suka fara "kai, yi haƙuri, yi haƙuri", ko jin su ba ya yi. Sai wata tsohuwa mai koko da ta taho da bokiti a ka ta sha gabansa ta ce, "Ɗana, sauke ni, wuyana zai karye." Ya tsaya. Dole ya ajiye sifanar ya sa hannu biyu ya sauke bokitin a hankali kada kokon ya zube. Kafin ya miƙe numfashinsa ya dawo. Ya ce, "Mma, ba ki ga daƙuwar da ya yi mini ba?" Ta ce, "Na ga hannunsa, ɗana. Haƙuri yake ba ka, haka suke yi." Ya waiwaya ya dubi dattijon, wanda har lokacin hannunsa na sama. Ya koma kan pragyarsa ya tafi.

Tsohuwar nan ta yi abu biyu. Ta sama wa jikinsa ɗan lokaci ya sauka, sannan ta ba shi wata fassara ta abin da ya gani. Matsalar ita ce ba kullum za a sami mai koko a tsakani ba. Horon da nake magana a kai ƙoƙari ne na sa yaron ya iya yi wa kansa waɗannan abubuwa biyu.

Sunansa horon gyaran tunani da ɗabi'a, Turawa suna taƙaita shi da CBT. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Fensilbaniya, Aaron Beck, shi ya kafa ginshiƙinsa a shekarun 1960, da ya lura cewa tsakanin abin da ya sami mutum da yadda yake ji akwai wani tunani mai saurin gilmawa, kuma ana iya kama wannan tunani a tuhume shi. A 1975 Raymond Novaco ya juyo da hanyar kan fushi. Ba allura, ba ƙwaya, ba kwanciya asibiti. Zama ne ake yi, wajen 8 zuwa 12 ko sama da haka, mutum shi kaɗai ko cikin rukuni. Ana farawa da jiki: kai a ina fushinka yake fara taɓa ka, kunne ne ke zafi ko ciki ne ke ƙullewa? Ana koya masa auna zafinsa daga 1 zuwa 10, domin wanda ya gane kansa a 4 yana iya juyawa, wanda ya kai 9 kuwa sai dai a riƙe shi. Ana koya masa jan numfashi a hankali, da barin wurin, da wata gajeriyar magana da zai faɗa wa kansa. Sai babban aikin: a ɗauko faɗan da ya yi a makon jiya a warware shi dalla-dalla. Me ka gani? Me ka ce a ranka? Wace hujja gare ka? Wane dalili kuma zai iya sa mutumin ya yi haka? Daga nan a tashi tsaye a kwaikwayi abin. Wani ya zama mai zagin, ya zage shi da gaske a gaban jama'a, shi kuma ya gwada sabuwar amsa, a sake, a kuma sakewa, har ta zauna masa. A ba shi aikin gida, mako mai zuwa ya dawo ya faɗi inda ya ci da inda ya faɗi.

Abin da ba a yi a wannan horo shi ne a ce ya je ya fitar da abin da ke ransa a kan bango ko buhun yashi. Brad Bushman ya gwada haka a 2002, ya tarar waɗanda suka naushi buhu suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi fusata daga baya, har zama shiru ba a yi komai ba ya fi musu. A 2024 aka tattara bincike 154 a kan mutum fiye da 10,000, sakamakon ya nuna abin da ke sanyaya jiki shi ke rage fushi, abin da ke ƙara masa zafi ba ya ragewa.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kayan Nasara ne. Ina roƙonsu su sake duba abin da suke karantar da mu. Mai fushi idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta. Mai fushi ya yi shiru. Alƙali kada ya yanke hukunci yana cikin fushi. Ku nisanci yawan zato. Duk waɗannan umarnin aiki ne, na jiki da na tunani. Akwai kuma hadisin mutum biyu da suka yi zage-zage a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗaya fuskarsa ta yi ja, jijiyoyin wuyansa suka kumbura. Annabi ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗe ta abin da yake ji zai tafi, wato neman tsari daga Shaiɗan. Da aka je aka gaya wa mutumin, sai ya amsa da cewa shi mahaukaci ne? Maganar gaskiya ce, daga bakin mafi gaskiya, amma ta iske shi a 9, bai karɓa ba. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya fito daga yankin da yau yake Afganistan, ya rasu a 934, ya rubuta cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da hankalinsa yake kwance, yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon ba-zata, kuma fushi yana cikin cututtukan da ya yi wa babi. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fito da wannan aiki ya nuna kusancinsa da hanyar Beck. Abin da masana na yau suka ƙara shi ne tsari, da maimaici, da ƙidayar sakamako.

Ƙidayar ce ta sa na ɗauki abin da muhimmanci. A makarantun unguwannin Shikago da suka fi fama da harbe-harbe akwai wani shiri na samari mai suna Becoming a Man. A zaman farko ana ba yaro ɗaya ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗan'uwansa yana da daƙiƙa 30 ya karɓe ta. Kusan kowa kokawa yake kamawa. Idan lokaci ya cika sai jagoran ya tambaya, me ya hana ka roƙe shi? Yaron ya ce ai da ya ɗauke ni rago. A juya ga mai ƙwallon, da ya roƙe ka fa? Ya ce da na ba shi mana, ƙwallo ce kawai. An raba dubban yara ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga wasu ba su shiga ba, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna kamun da 'yan sanda ke yi wa waɗanda suka shiga a kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 a lokacin shirin. Wani ma'aikacin gidan tsare yara na birnin ya gaya wa masu binciken cewa mafi yawan yaran da ke hannunsa, da za a ba su damar sake minti 10 kacal na rayuwarsu, da ba su shigo wurin ba. Raguwar kamun ta dushe bayan shirin ya ƙare, kuma da aka faɗaɗa shi sakamakon bai kai na farko ba, wannan ma gaskiya ce.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Laberiya. Bayan yaƙin basasa, wasu mutane a Monrobiya, cikinsu har da waɗanda suka riƙe bindiga da kansu, suka kafa ƙungiya mai suna NEPI. Ɗaya daga cikin jagororinta shi ne Johnson Borh. Suka riƙa bin lunguna suna neman samarin da kowa ke gudu: masu sayar da ƙwaya, masu ƙwace, tsofaffin mayaƙa, masu kwana a titi. Masu bincike uku, Christopher Blattman da Julian Jamison da Margaret Sheridan, suka ɗauki mutum 999 irin waɗannan suka raba su kashi huɗu da ƙuri'a. Wasu aka ba su horon mako 8, sau 3 a mako, cikin rukunin mutum 20. Wasu aka ba su dala 200 hannu da hannu. Wasu suka sami duka biyun, wasu ba su sami komai ba. Ban da sarrafa fushi, an sa su yin aski, da gyara sutura, da shiga banki da manyan kantuna, su ji da jikinsu yadda mutane ke karɓar su idan sun zo a wata kama. Kuɗi kaɗai bai daɗe ba tasirinsa ya ɓace. Waɗanda suka sami horo da kuɗi tare kuwa, da aka koma aka neme su bayan shekara 10, satar da suke yi da ƙwace sun ragu da kusan rabi idan aka gwada da waɗanda ba su sami komai ba. Kuɗin bai mai da su attajirai ba, ya dai ba su 'yan watanni na ci da wurin kwana ba tare da sata ba, suka sami sararin gwada sabon halin har ya kama. Duka abin da aka kashe a kan mutum ɗaya wajen dala 530 ne. Masu koyarwar ba likitoci ba ne, da yawansu su ma daga titin suka fito.

Muna cewa hali zanen dutse. A wannan wurin ban yarda da karin maganar ba, kuma ina ganin ta yi mana ɓarna, domin da ita muke yanke ƙauna daga yaro mai shekara 16. Ƙwaƙwalwa tana sauyawa da abin da aka yawaita sa ta. Direbobin tasi na Landan da ke haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, an auna an ga sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswira ya ƙaru a cikin shekarun koyon. A Jami'ar Stanford a 2002 an ga cewa idan mutum ya sake wa hoto mai tayar da hankali fassara, sashen bayan goshi yana ƙara aiki, amigdala tana lafawa. A 2007 Matthew Lieberman ya nuna cewa ambaton sunan abin da ake gani a fuska kawai, a ce wannan fushi ne, yana rage zaburar amigdala. A Suwidin, masu tsananin tsoron magana a gaban jama'a da aka yi wa wannan horo, amigdalarsu ta lafa kamar ta waɗanda suka sha magani. A kan yara masu faɗa kai tsaye, Denis Sukhodolsky da tawagarsa a Jami'ar Yale suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kafin horo da bayansa, kuma wannan fage sabo ne idan aka gwada da na tsoro da damuwa. Shi ya sa ban jingina hujjata a kan hoto ba. Hoton yana bayyana mana dalilin da ya sa maimaici ke aiki inda wa'azi ya tsaya. Hujjar ita ce mutanen da ba a sara ba a Monrobiya.

Akwai fushin da ba na so a taɓa da wannan horo. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari 7 'yan Zangon Asawase a Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar hakan ba. Fushin da ya cika titunanmu a makon nan ba cuta ba ne, kuma duk wanda ya zo mana da darasin numfashi maimakon adalci ya zo da cin fuska. Mutum ya ji zafin zalunci daidai ne. Abin da horo zai ba shi shi ne ikon zaɓar inda zai kai zafin, gaban kwamiti da kotu da akwatin zaɓe, ba kan gilashin motar wani talaka da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka nan akwai tashin hankalin da ba fushi a cikinsa. Ƙaton da ɗan siyasa ya biya ya je ya tarwatsa rumfar zaɓe da sanyin rai yake aikinsa. Shi doka ce maganinsa, kuma muna da ita tun 2019, bayan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon. Mijin da ba ya taɓa ɗaga wa maigidansa murya a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, amma ya dawo gida ya jibgi matarsa, shi ma idonsa bai rufe ba, ya san wanda yake zaɓa. Kada a ce wa matar ta jira ya gama horo. Dokar 2007 ta hana cin zarafi a gida da DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da irin wannan cin zarafi, dominta aka yi su. Sai ƙwaya: yaron da ke haɗiyar tiramol mai lamba 225 yana buƙatar a taimaka masa ya rabu da ita tare da horon, in ba haka ba ana zuba ruwa a rariya.

To wa zai yi aikin? Idan muka ce sai likitoci, mun bar shi ke nan. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda 3 ne, na Ankara da Pantang da Ankaful, duk a kudu wajen gaɓar teku. Mu a Kumasi sashen da ke asibitin Komfo Anokye da ƙananan sassa na wasu asibitoci muke dogaro da su, kuma suna fama da masu ciwo mai tsanani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce a kai kulawa cikin unguwanni, inshorar lafiya ta fara ɗaukar wasu cututtukan ƙwaƙwalwa 4 a ƙarshen 2024, duk ci gaba ne. Amma saurayin bes, wato majalisar hirar samarin unguwa, ba zai taka ƙafarsa zuwa can ba. Zai ba ka amsar mutumin cikin hadisi, ni mahaukaci ne? A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna taimakon masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki. A Laberiya tsofaffin 'yan titi ne. Mu ma muna da namu. Kowace unguwa tana da mutumin da a da idan ya fito ake rufe shago, yau ga shi da 'ya'ya da sana'a, samari suna miƙewa idan ya iso. Shi za su saurara, domin ba zai iya yi musu ƙaryar bai san abin da suke ji ba. Akwai mastocin Magazin da ke riƙe da yara goma-goma, akwai malaman Islamiyya matasa, akwai masu horar da ƙungiyoyin ƙwallo. Wurin zaman ma akwai shi: bes ɗin da ake dafa ataya kowane dare rukuni ne da ya riga ya haɗu.

Sai dai kada a ɗauka duk wanda ya iya magana ya iya wannan aiki. Idan ba a horar da jagoran sosai ba, aka kuma bar shi ba mai duba shi, cikin mako 2 zaman zai koma wa'azi, shi yana faɗa su suna gyaɗa kai. Dole a sami littafin jagora da aka rubuta da Hausar Zango da Twi, da misalan pragya da canjin sidi da budurwa da ƙwallo, a kuma sami ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam da zai riƙa zama da jagororin, ya karɓi yaran da matsalarsu ta fi ƙarfin rukuni.

Asusun raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya gina filayen ƙwallo masu ciyawar roba da azuzuwa, ba laifi. Ina ganin wani kaso na irin wannan kuɗi ya kamata ya tafi ga abin da ba a yanka masa kyalle ranar buɗewa. Ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, an naɗa shi ministan cikin gida a farkon 2025, ma'aikatar da 'yan sanda da gidajen yari da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi suke ƙarƙashinta. Ya san lungunan nan fiye da ni. Roƙona gare shi da sarakunanmu da limamanmu shi ne a fara da kaɗan: samarin gidan yarin Adum da suka kusa fita, da 'yan bes-bes a Asawase da Aboabo da Tafo. A yi musu mako 8 cikakku, a haɗa da ɗan jari kamar yadda aka yi a Monrobiya, a zaɓi masu shiga da ƙuri'a don kada ya zama rabon 'yan jam'iyya, a sa malaman jami'ar KNUST su bi sawunsu shekara 2, sannan a karanta mana sakamakon a masallatan Juma'a, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.